Goron Ban Haƙuri Zuwa Bawku

Ina da saurin fushi, kuma ba yau na fara ba. A gidanmu na Salaga ƙannena sukan ce in ana son shayi ya tafasa da wuri, a ɗora butar a kaina. Na yi faɗa da 'yan tasha, na yi da direbobi, na yi da wani mai ɗinki da ya rage mini hannun riga, amma duk cikinsu babu faɗan da ya sa na yi tafiyar kwana biyu da goro a kan cinya sai wanda na yi da mutumin da ban taɓa ganin fuskarsa ba.

Wajen ƙarshen shekarun 1990 ina aiki a Yendi, a wani ƙaramin ofis mai kula da famfunan burtsatse na ƙauyuka. Da buga tafireta aka ɗauke ni. Da aka kawo kwamfuta, sai kowa ya riƙa kewaye ta kamar an ajiye macijiya a tebur, ni kuwa na ɗauki littafin da ya zo tare da ita na zauna. Da kaina na koyi rubuta mata umarni, layi bayan layi, a kan baƙin allo mai korayen haruffa. Cikin shekara huɗu na gina rajistar famfunanmu gaba ɗaya: sunan ƙauye, zurfin rijiya, ranar da aka yi gyaran ƙarshe, da abin da aka canja. In makaniki ya tambayi wani famfo, kafin ya zauna na ba shi amsa. Ina ji da wannan rajista fiye da yadda ya kamata mutum ya ji da abin da ba ya numfashi.

A lokacin ne wani baƙo da ya zo duba aikinmu ya shigar da ni wata ƙungiya ta masu rubuta irin waɗannan shirye-shiryen kwamfuta. Ni zaure nake kiranta. Za ka rubuta tambayarka ka aika adireshi ɗaya, sai a rarraba wa kowa, duk wanda ya san amsa ya maido, kowa ya gani. Yawancinsu mutanen ƙananan ofisoshi ne irina a ƙasashe daban-daban, da Turanci ake magana, kuma wata mata ce a wata jami'a mai nisa take riƙe da zauren. Wayar ofishinmu Talata da Juma'a take kiran Akara, babban birninmu, wasiƙunmu su tafi, na wasu su sauko a tare. Ranar Talata da Juma'a ba na jin yunwa sai na karance su. Daga Yendi har iyakar inda mota za ta kai ka a yini guda, ban san mutum ɗaya da zan yi wa tambaya a kan aikina ya fahimci abin da nake nufi ba. Zauren nan shi ne makarantata, kuma shi ne majalisata.

Matsalar da ta taso ta sunayen ƙauyuka ce. A yankinmu ƙauye ɗaya yakan amsa suna biyu ko uku: Dagomba su kira shi da nasu, mutanen ƙauyen su kira shi da nasu, 'yan kasuwa su laƙa masa na Hausa. Duk makanikin da ya dawo daga daji, sunan da ya ji shi zai ba ni, ni kuma in shigar. Sai rajistata ta cika da famfunan da babu su. An taɓa tura mutum biyu a mako ɗaya su gyara famfo ɗaya, alhali wani ƙauyen yana can mata suna tafiya rafi. Maigidanmu na ofis ya ce in gyara kafin rani ya shigo sosai. Na yi iya ƙoƙarina ya ƙi, sai na kai maganar zaure.

Ranar Juma'a amsa ta sauko daga wani da ba ya sa cikakken suna, haruffa biyu kawai yake rubutawa a ƙarshen wasiƙa. Ya gaishe ni, ya yaba aikin, sannan ya ce kada in dogara da suna. In ware ƙauyuka a jadawalinsu daban, in ba kowane ƙauye lamba ɗaya da ba ta canjawa, in jera duk sunayensa a ƙarƙashin lambar, famfuna kuma su riƙa nuni da lambar. Ya ce tsohuwar manhajar da nake amfani da ita za ta iya, amma da wahala, akwai sabuwa mai haɗa jadawali da jadawali cikin sauƙi, wadda ake sarrafawa da linzamin nan da ake turawa a kan tebur. Ya ce in ina so zai bi da ni a hankali. Ya rufe da cewa in na bar ginin yadda yake, zai ci gaba da cizona duk shekara.

Yau in na tuna, babu kalma ɗaya marar daɗi a wasiƙar. Amma ranar, da zafin la'asar da fanka ba ta juyawa, abin da na ji kawai shi ne wani ya dubi aikina na shekara huɗu ya ce in rushe. Zuciya ta ɗebe ni. Na rubuta masa, a gaban kowa, cewa na gaji da yaran da aka haifa jiya, suna zaune ƙarƙashin iyakwandishan a ƙasashen sanyi, an ba su abin wasa suna turawa a tebur suna tsammani sun iya aiki. Na ce na tabbata bai taɓa ganin famfon burtsatse da idonsa ba. Na ce ya bari ya girma tukuna sannan ya zo ya koya mini. Na karanta sau biyu, ya yi mini daɗi, na saka a layin masu tafiya.

Ta tafi ranar Talata. Ranar Juma'a wasiƙa ɗaya tak ta sauko mini, daga matar da ke riƙe da zauren. Ta ce dokar wurin ita ce a soki aiki, kada a zagi mutum, don haka ta rufe mini ƙofa: ba zan aika ba, ba zan karɓa ba, sai ranar da wanda na zaga ya rubuto mata da kansa cewa ya yafe. Sai ta ƙara da cewa wataƙila zan so in sani, mutumin da na kira yaro tsohon hedimasta ne da ya yi ritaya, ya haura shekara sittin da biyar, kuma a ƙasata yake, a Bawku, yana riƙe wa wata ƙungiyar manoma rajistar iri.

Nan take na rubuta masa shi kaɗai, layi uku, na ce na yi kuskure, ya yi haƙuri. Talata ta wuce, Juma'a ta wuce, wata Talatar da wata Juma'ar suka wuce, shiru. Wayar takan yi kukanta ta haɗu da Akara, ta sauke wasiƙun maigida, ni ko ɗaya. Rajista tana nan da famfunanta na ƙarya, ni kuma ba ni da wanda zan tambaya. Ban taɓa jin kaɗaici irin na makonnin nan biyu ba.

A haka na tafi gida Salaga hutun ƙarshen mako, fuska a murtuke. Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ya fara lura. Dillalin doya ne, jikan fataken goro, bai yi boko ba, kuma bai taɓa jin ya rasa wani abu saboda haka ba. Ya kira ni ƙarƙashin bishiyar ƙofar gida ya ce in faɗa masa wanda ya mutu.

"Ba wanda ya mutu, Kawu. Wani na zaga."

"Wannan ai ba labari ba ne. Wane ne wannan karon?"

"A cikin kwamfuta yake."

"Aljani ne?"

"Mutum ne."

"To in mutum ne yana da ƙofar gida. Shekarunsa nawa?"

Na faɗa masa. Ya cire hularsa ya dubi cikinta, ya mayar. Ya tambayi abin da na ce wa mutumin, na faɗa, ina rage wasu wuraren. Ya tambayi mutum nawa suka ji, na ce za su kai ɗari biyu.

"Kasuwa ke nan," in ji shi. "Ka tsaya a tsakiyar kasuwa ka kira sa'an ubanka yaro. Sannan me ka yi?"

"Na rubuta masa na ba shi haƙuri."

"Ka aika masa takarda. Kai ɗan gidan nan, ka ɓata wa babba, ka aika masa takarda, kana zaune a kan kujera." Ya juya ya ƙwala wa mahaifiyata kira. "Zo ki ji abin da sukuu, makarantar bokon nan, ta koya wa ɗanki."

A wurinmu in ka ɓata wa babba ba kai ke ba da haƙuri ba, don bakin da ya yi ɓarnar ba a yarda da shi ya yi gyara. Kakan nemi wani babban ya shige gaba, a tafi da goro, kai kuwa ka durƙusa ka yi shiru har a gama. Na san wannan tun ina ƙarami, na ga an yi wa wasu, amma bai taɓa zuwa mini a rai ba cewa dokar ta shafi mutanen da ke cikin waya. Na yi ƙoƙarin bayyana wa Kawu cewa can tsarinsu daban ne. Ya ce tsarin nasu ne ya ba ni amsa a mako biyu?

Da na koma Yendi na sake rubuta wa dattijon, na ce ni da kawuna muna so mu zo mu gaishe shi ranar Asabar ta sama. Wannan karon amsa ta zo a kiran waya na gaba, gajeriya: in mun sauka a tasha mu nemi hanyar Binduri, mu tambayi sito na manoman albasa, mu ce Tica muke nema. Ko kalma ɗaya bai ce a kan yafiya ba.

Kawu da kansa ya zaɓi goron, ƙwarya guda, farare, yana ɗaga kowanne yana juyawa, wanda ya ga ɗigo a jikinsa ya ture. Ya naɗe su da ɗanyen ganye ya ɗaure. Muka haɗu a Tamale, muka kwana gidan wani abokin cinikinsa, da sassafe muka hau motar Bolga, daga can muka canja ta Bawku. Goron yana kan cinyata duk tafiyar, shi kuma kowane zango sai ya kwance ya yayyafa masa ruwa. Abu ɗaya ya riƙa maimaita mini: in mun isa, kada in buɗe baki ko da an ce gidanmu ya kama wuta.

Siton wani dogon ɗaki ne mai rufin kwano, warin albasa ya cika shi har ido yana yaji. A can ƙurya akwai ƙaramin ɗaki, tebur ɗaya, kwamfuta an rufe mata baya da tsohon zane saboda ƙura. Wani siririn dattijo ya miƙe daga gabanta, sanye da batakari, rigar saƙi ta yankin, da ya sha wanki, tabarau ɗinsa an ɗaure ƙafa ɗaya da zare. Bakusashe ne, ɗan ƙabilar yankin, Hausarsa ta kasuwa ce.

"Maraba, maraba. Alhaji, ka zo da wahala. Wannan ne shi?"

"Shi ne," in ji Kawu, da muryar wanda ya kawo akuyar da ta shiga gonar mutane.

Na cire takalmi na durƙusa a bakin ƙofa. Suka gaisa, suka tambayi gida da iyali da hanya da damina da ta wuce, suka gano cewa sun san wani mai shanu ɗaya a Paga, suka daɗe a kansa. Gwiwata ta fara ciwo. Sannan Kawu ya gyara zama ya ajiye ƙunshin goron a gaban dattijon.

"Tica, wannan ɗan ƙanwata ne. Mu muka haife shi, mu muka kasa sanyaya shi, laifin namu ne kafin ya zama nasa. An ce mini ka ga gininsa ya karkace ka nuna masa inda zai tokare, shi kuma ya saka maka da baki. Ni ban san aikinku ba, amma na san wannan. Ga mu mun zo, ƙafarmu da goronmu. Ka duba girmanka, kada ka duba wautarsa."

Dattijon ya saurara har ƙarshe, kansa a sunkuye. Sai ya jawo aljihun tebur ya fito da takarda a ninke. Wasiƙata ce, ya buga ta a takarda ya ajiye.

"Alhaji, ya gaya maka duka abin da ya rubuta?"

"Ya gaya mini wanda ya ga dama."

"To bari in karanta maka da Hausa."

Ya gyara tabarau ya fara fassarawa, a hankali, kamar mai karanta sakamakon jarrabawa a gaban iyaye. Da ya zo wurin iyakwandishan sai ya tsaya, ya nuna tagar ɗakin da babu ko gilashi ɗaya a jikinta, ya ce, "Ga shi nan, Alhaji, yana aiki. In iska ya zo." Da ya zo inda na ce bai taɓa ganin burtsatse ba, ya ce matarsa tana can yanzu haka a layin famfo, in muna so mu je mu gaishe ta. Da ya zo inda na ce ya bari ya girma, sai ya shafa furfurarsa ya ce yana nan yana ƙoƙari. Kawu ya riƙe dariya har kafaɗunsa suna rawa, daga baya ya sake ta gaba ɗaya. Ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Sau ɗaya na buɗe baki zan ce ai ban sani ba ne, sandar Kawu ta sauka a kan babban yatsana, na rufe.

Dattijon ya kwance ganyen, ya zaɓi goro ɗaya, ya ɓare, ya ba Kawu rabi, ya ci rabi. Sannan ya ɓare wani ya miƙo mini. A wurinmu wannan shi ne an gama. Ya ce in tashi in zo in zauna a kujerarsa.

Ban taɓa riƙe linzamin nan ba sai ranar. A ofishinmu akwai shi, yana cikin kwali, ni na ce a bar shi can. Na ɗora hannu na tura, kibiyar ta gudu ta ɓuya a kusurwar allo, na jawo, ta tsallake abin da nake nema. Haushi ya fara taso mini. Dattijon ya ɗora busasshen hannunsa a kan nawa ya ce, "Sannu-sannu, ba jaki ba ne. Ni da na fara, hannu biyu na riƙe shi, wani lokaci ina ɗaga shi sama ina jira ya tafi. Sati biyu ina haka." Ya ce bayan ya bar koyarwa manoman suka roƙe shi ya riƙe musu rajista tunda shi ne mai karatu, ya fara da tsohuwar manhaja irin tawa, ya saba da ita, sannan aka kawo sabuwa ya sake zama ɗan aji ɗaya. Ya ce tambayoyin da ya yi a zauren nan a shekararsa ta farko, in ya tuna su yanzu sai ya rufe fuska, amma ba wanda ya taɓa yi masa dariya.

Ya buɗe rajistarsa ya nuna mini. Manoma a jadawali ɗaya, kowa da lambarsa, ko da sunansa uku ne. Iri a wani jadawalin, yana nuni da lambar. Ya ja layi tsakaninsu da linzami, suka haɗu. Ina cikin kallo ina neman inda zan ce ba zai yi aiki a wurina ba, sai na ji muryar Kawu a bayan kaina. Ashe ya taso ya leƙo.

"Tica, tsaya in gani ko na gane. Kowane mutum da shaidarsa, ko da wane suna aka kira shi?"

"Haka ne, Alhaji."

"To ai wannan shi muke yi a tasha. Doyar mutum goma a mota ɗaya, kowa da alamarsa a jiki, wani gicciye, wani ɗigo uku. In ka bi suna ka shiga uku, don Salaga kaɗai masu suna ɗaya sun fi a ƙirga." Ya dube ni. "Wannan ne abin da ka zagi mutum a kansa? Da ka tambaye ni."

Dattijon ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido. Ni ma na yi, don babu sauran abin da zan kare. Kafin azahar na ga yadda zan sake gina rajistata daga tushe, na kuma ga cewa ba rushewa ba ce, duk abin da na tara zai shiga sabon ginin. Kunya tana nan, amma daɗi ya fi ta yawa, irin daɗin da na ji ranar da kwamfuta ta fara bin umarnina.

Aka kawo tuwo daga gidansa muka ci a nan cikin warin albasa. Sai da muka wanke hannu na dubi Kawu, ya gyaɗa kai alamar yanzu zan iya magana. Na ce, "Baba, ina roƙon abu ɗaya. Ka rubuta wa matar nan ta buɗe mini ƙofa. Ba ni da wani wurin tambaya sai can."

Ya jawo madannin kwamfutar ya buɗe wata wasiƙa da ke ajiye, ya juyo mini da allon. Zuwa ga mai riƙe da zauren ce, yana cewa ya yafe, a mayar da ni. Na dubi ranar da aka rubuta ta. Ranar da zagina ya iso gare shi ce.

"Tun ranar ka rubuta? Baba, me ya hana ka aikawa? Na ba ka haƙuri, mako biyu ba ka amsa ba."

Ya juya ɓarin goro a hannunsa.

"Ɗana, shekara uku ina cikin zauren nan. Mutanen kirki ne, amma ban taɓa jin ko tarin ɗayansu ba. A nan in na ce jadawali ya haɗu, matana yana cewa sannu, ya ci gaba da aikinsa. Sai na ga a wasiƙarka kana Yendi. Yendi! Mota ɗaya, biyu, uku. Na ce in na amsa maka da wuri, za ka ce na gode, shi ke nan, ba zan taɓa ganinka ba." Ya dubi Kawu. "Alhaji, ni ma ka yi mini haƙuri, na sa ka tafiya."

Kawu ya ce ba komai, ya daɗe bai zo Bawku ba.

Dattijon ya turo mini linzamin ya ce in aika da hannuna. Na kai kibiyar inda ya nuna, sai a karo na uku ta tsaya daidai, na danna. Ya ce wayarsu sai Litinin za ta sake kira, don haka babu amfanin in yi sauri, akwai tabarma a gidansa, kuma yana da wata tambaya a kan rajistarsa da ya daɗe yana jin kunyar kaiwa zaure.